Ranar da Ayarinmu Ya Tashi da Gaske

Kwanakin baya wasu samari uku suka same ni a ƙofar gida, suka durƙusa suka gaishe ni, suka ce an ɗauke su aikin yi wa baƙi bayani a wuraren tarihi, sun zo in sa musu albarka. Na tambaye su wa ya koya musu aikin. Babbansu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Baba, ai wannan ba ya buƙatar koyo. Ka haddace takarda, ka tsaya ka faɗa." Na sa musu albarkar, don ba ni da rowarta, amma tun da suka tafi maganar take yi mini ƙaiƙayi. To samari, ga amsarku a rubuce, tunda a ranar shayina yana hucewa, ban samu na ba ku ita ba.

Ni ma da irin wannan ƙarfin hali na shiga aikin. Na fito daga midil ina ɗan shekara ashirin, da ɗan Turancina da nake ji da shi, aka tura ni wani tsohon zango a Fagge, can bayan kantunan Kwari, inda a zamanin da fatake suke sauka kafin su kama hanyar Gwanja sayen goro. Ba wani wuri ne na a zo a gani ba. Katangar ƙasa ce, da zaure mai azara, da rijiya, da tsamiya guda a tsakiyar fili. Ofishin da ke kula da wurin ya tsara cewa duk Talata da Asabar a nuna wa jama'a yadda ayari yake tashi a da, ni kuma in tsaya in yi lacca. An ba mu jakuna biyar da tsofaffi huɗu.

Babban tsofaffin shi ne Baba Tanko. Sau bakwai ya je Gwanja da ƙafarsa, uku daga ciki shi ne madugu, wato shugaban ayari. Jirgin ƙasa da mota suka kashe sana'arsa, mutuwa ta kwashe iyalinsa, ya dawo wani ɗan ɗaki da ke jikin zauren ya zauna. Ranar farko na zo masa da farar riga da littafin rubutu. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malamin ofis, me ka zo yi?"

"Bayani, Baba."

"Bayanin me?"

"Tarihin fatauci."

Sai ya miƙo mini igiya, ya nuna wani jaki da haɓarsa. "Yi wa wancan bayani tukuna."

Wata uku na yi ina ɗaura wa jaki kaya kafin a bar ni in buɗe baki a gaban baƙi. Kuna tsammani ɗora buhu ne kawai? Da farko ka shimfiɗa akumari, wato matashin da ake sa wa jaki a baya, ka shafa da tafin hannu ka tabbata babu ƙaya ko tsakuwa a ƙarƙashi, don ƙwayar tsakuwa ɗaya tana iya buɗe gyambon da zai zaunar da dabba wata guda. Sannan mangala, buhunan nan biyu da ke rataya gefe da gefe. Kanwar da ke dama dole ta yi nauyi ɗaya da ta hagu, kuma babu sikeli, hannunka biyu ne sikelin. Sannan ƙullin, wanda zai wuni bai motsa ba, amma in aka ja bakinsa sau ɗaya ya warware. Jakin da aka haɗa ni da shi sunansa Sai-Gobe, kuma ya ci sunansa. Yana da wata dabara: in ka zo ɗaure majayi, igiyar da ke zagaye cikinsa ta riƙe kaya, sai ya kumbura ciki, ka ja iya ƙarfinka ka ce ya ɗauru, da ka juya baya sai ya saki numfashi, kaya su zame su koma ƙarƙashin cikinsa. Tsofaffin nan ba su taɓa gaya mini ba. Zama suke yi a inuwa suna cin goro suna jiran lokacin, kamar masu jiran wasan kalankuwa. Sai da na yi mako biyar na gane cewa ana jira ne ya huce, sannan a ƙara ja.

Huhun goro ma aiki ne. Ka jera ganye, ka jera goro, ka yayyafa ruwa daidai, ka tsince wanda ƙwaro ya huda tun bai lalata 'yan'uwansa ba. Na ce wa Baba Tanko ni ba sayar da goro zan yi ba, magana zan yi a kansa. Ya ce, "In mutum ya tambaye ka nauyin huhu, da baki za ka amsa ko da wuya?" Washegari ya ɗora mini ɗaya a ka, na zagaya tsamiya sau goma. Tun daga ranar in na zo wurin nauyin kayan fatake a lacca, muryata da kanta take canzawa, masu sauraro kuma suna ji.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai sandar nuni ta gora. Akwai taswirar hanya da na zana a bangon zaure da gawayi da farar ƙasa, wadda duk damina sai feshin ruwa ya cinye mini rabin ƙasar Nufe in sake zanawa. Akwai salka, da ƙahon da ake busawa in za a tashi, da masu da kwari da baka waɗanda tsatsa da gara suka gama rabawa a tsakaninsu. Sai maƙogwaro, wanda ya fi duka tsada, don babu lasifika a lokacin. Citta da kanumfari ba sa rabuwa da aljihuna. Baba Tanko ne ya koya mini in tsaya rana tana dukan fuskata, don baƙi su samu inuwa, shi ne kuma ya koya mini gane gajiyar mutane. Ya ce kada in dubi fuska, don baƙo yana jin kunya, zai yi ta gyaɗa kai ko barci yake ji. In dubi ƙafafu. Da zarar an fara sauya ƙafa ana sosa ɗaya da ɗaya, to in rufe bakina in sa a busa ƙaho.

Baƙinmu iri-iri ne. Akwai Turawan da jirgin samansu ya sauka shan mai, a kwaso su a mota a zagaya da su gari. Su kullum sauri suke, kuma tambayarsu ɗaya, ina raƙumi. Akwai mutanen ƙauye da suka kawo gyaɗa, su leƙo su ga muna ɗaura wa jaki kaya, su ce, "Yanzu wannan ne abin kallon? Ai da kun zo garinmu." Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne dattawan unguwa da ke zuwa musamman don kama ni da kuskure. Wata Asabar na ɗauki zafi, na ce in ayari ya isa babban kogi, jakuna iyo suke yi da kayansu su haye. Wani dattijo ya ɗaga sandarsa daga baya ya ce, "Malam, to ita kanwar fa? Ita ma ta iya iyo?" Aka kwashe da dariya har da jakuna. Ashe a jirgin ruwa ake haye da kaya. Shekara biyu ana tambayata a kasuwa ko kanwa ta iso.

Amma baƙin da wurin yake rayuwa da su 'yan makarantar Sabon Gari ne. Duk Talata da hantsi Malama Rahila take kawo aji guda, biyu-biyu a layi, ita tana baya da laima. Mutuniyar ƙasar Zazzau ce, Kirista, gajera, muryarta kuwa ta ishi mutum uku. 'Yan ajin nata 'ya'yan Ibo ne da Yarabawa da mutanen kudancin Zazzau, kuma ba su san wani abu wai shi kunyar tambaya ba. Ina ne falke yake wanka? In jaki ya mutu wa zai ɗauki kayansa? In na juya harshe zuwa Turanci don in burge, sai Malama ta ce daga gindin tsamiya, "Malam Sule, faɗa da Hausa. Sun fi jin ta da wannan abin da kake yi." Baba Tanko, wanda bai taɓa yi mini murmushi ba sai in kaya sun zube, shi ne yake durƙusawa da guiwoyinsa masu ciwo yana nuna musu yadda ake riƙe igiya.

Yadda muke nunin kuwa shi ne, in na gama lacca a busa ƙaho, a ɗaura kaya, tsofaffi su rataya makamai, Baba Tanko ya ce, "A tashi!" Sai mu zagaya tsamiya sau uku, mu dawo bakin rijiya mu kwance. Duk ƙasar Hausa babu ayarin da ya kai namu zaman lafiya, don bai taɓa fita ƙofa ba.

A shekarata ta uku aka yi rikicin nan tsakanin unguwanninmu, gab da faɗuwar damina. Ba zan ba ku labarinsa ba, kun ji a wurin kakanninku. Kwana kaɗan aka yi, amma an rasa rayuka ta kowane ɓangare, an ƙone shaguna. Bayan ƙura ta lafa, titin da ya raba Fagge da Sabon Gari ya zama kamar kogin da babu jirgi. Namu ba sa hayewa, nasu ba sa hayowa. Direbobin da ke kawo Turawa suka sauya hanya. Dattawan da ke kama ni da kuskure ma suka daina zuwa, har na fara kewar sandarsu. Duk da haka kowace Talata Baba Tanko sai ya sa an ɗaura kaya, ni kuma in yi lacca, jakuna biyar suna saurarena da kunnuwa a kwance.

A wata na huɗu takarda ta zo daga ofis. Masu motocin gyaɗa suna neman filin su mai da shi tasha. Za a turo wani jami'i, Malam Kyari, ranar Talata mai zuwa ya duba, in ya ga babu mai amfana da wurin, a rufe, a sayar da jakuna, a sallami tsofaffi kowa ya koma gidansa. Na karanta wa Baba Tanko. Ya ce in sake karanta wurin "kowa ya koma gidansa". Na sake. Ya tashi ya je ya duba kofaton wani jaki da lafiyarsa ƙalau. Ni dai za a sake mini wurin aiki. Shi kuwa ya haura saba'in da biyar, kuma ɗakin nan na jikin zaure shi ne gidan.

Na yi abin da zan iya. Na aika wa Malama Rahila wasiƙa ta hannun wani mai keke, ta amso mini a bayan takardar: "Ba ni ba ce, Malam Sule. Iyaye ne suka hana, kuma ban ga laifinsu ba. A gaishe mini da Baba Madugu." Na roƙi shugaban elementare ta unguwarmu ya ba ni aji guda, ya ce in sha Allahu. Daren Litinin aka tafka ruwa, rufin makarantarsa ya zuba, in sha Allahun ta tafi kwashe ruwa.

Ranar Talata Malam Kyari ya iso a kan lokaci. Babarbare ne dogo, mara yawan magana, cikin farar riga da ta sha sitaci da sabon takalmi mai ƙara. Ya tarar da masu kallo: wata mata da ta zo ɗiban ruwa, da akuyarta. Na yi laccar da ban taɓa yin irinta ba. Na bi da shi Nufe, na haye da shi kogi a jirgin ruwa, na kai shi Gwanja. Fuskarsa tana gyaɗawa, amma da na saci kallon ƙasa sai na ga sabon takalmin nan yana hawa kan ɗan'uwansa. Na sa aka busa ƙaho. Don in jawo shi cikin abin, na roƙe shi ya riƙe igiyar Sai-Gobe, ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera. Har yanzu ban ga alamar ya motsu ba. Sai rawar kai ta ɗebe ni, na yi abin da ba ma yi. Na ɗaga hannu na ce, "Kamar yadda fatake suke yi kafin tashi, a yi Fatiha." Kowa ya ɗaga hannu, aka karanta, aka shafa, har da mai akuya.

Ina sauke hannu na ga Baba Tanko ya kafe ni da ido.

"Kai Sule, me ka yi?"

"Fatiha, Baba."

"Shekara uku muna wannan abu, ka taɓa ganin na sa an yi? Zagaya tsamiya wasa ne. Amma in an ɗaura kaya, aka shafa Fatihar tashi, to an tashi. Ba a kwance kaya sai an sauka a wani masauki. Ayarin da ya kwance a inda ya shafa, ba ya sake ganin alheri."

Sauran tsofaffin uku suka dubi juna. Can sai ɗaya ya ce, "Haka ne." Na biyun ya ce, "Tun kakanni." Na ukun ya gyara ɗamararsa.

Malam Kyari ya miƙo mini igiya. "Ni dubawa na zo yi."

"Ranka ya daɗe," in ji Baba Tanko, "ka shafa?"

"Na shafa."

"Igiya tana hannun wa?"

Malam Kyari ya dubi hannunsa.

"To yau kai falke ne. Allah Ya ba da sa'a."

Na ce to mu shiga birni mu sauke a gidan kawuna. Baba ya ce shiga birni komawa gida ne, ba tafiya ba. Na ce mu fita bayan gari mu sauke a gindin wata bishiya. Ya ce ayari ba ya sauka sai a wurin mai masaukin da ya san shi, ya taɓa shan ruwan zangonsa. "A wajen ganuwa kuwa mutum ɗaya na sani. Malamar nan mai laima." Na ce, "Baba, Sabon Gari? A wannan yanayi? Da masu da kwari?" Ya ce a jibge makaman a zaure, kada a busa ƙaho a hanya, kuma kada kowa ya rufe fuska da rawani.

Haka muka fita ƙofa, karo na farko. Baba Tanko a gaba da sandarsa, tsofaffi uku, jakuna biyar, ni, da babban jami'i yana tsallake taɓo. Mutanen Fagge suka fito suna dariya. Wani tela ya ɗago daga kekensa ya ce, "Baba Tanko, sai ina?" Ya ce, "Gwanja!" Aka yi ta tafi. Da aka ga inda muka nufa, dariyar ta fara raguwa, har ta ƙare. A bakin titi akwai ɗan doka mai gadi. Ya taso zai tare mu, sai ya ga farar riga mai sitaci tana jan jaki, ya rasa abin da zai yi, ya ƙame ya sara.

A tsakiyar titin nan daidai Sai-Gobe ya ga dama ya tsaya. Malam Kyari ya ja, na tura, tsofaffi suka yi ta ce masa "kur", ko gezau. Bayanmu mutanen Fagge sun yi cirko-cirko, gabanmu mutanen Sabon Gari sun fara taruwa. Ba na ɓoye muku, tsoro na ji. Da jakin ya gama nazarinsa ya ci gaba, muka shiga. Muka wuce shagunan da har yanzu bangonsu baƙi ne. Mata suna jan 'ya'yansu ciki, maza suna tsaye a ƙofa hannu a harɗe. Baba Tanko kuwa kowa ya gani sai ya gaishe shi, wani da Hausa, wani da ɗan Yarabancin da ya tsinta a hanya tun yana saurayi. Wasu suka amsa, wasu suka yi shiru, amma jama'a suka biyo mu a baya.

A ƙofar makaranta Baba ya yi sallama. Malama Rahila ta fito da alli a hannu, ta dubi jakuna, ta dube ni, ta dubi Malam Kyari da taɓo ya kai masa idon sawu.

"Baba Madugu, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Baƙi ne daga hanya, muna neman masauki."

Kafin ta amsa wani mutum ya ratso jama'a ya tsaya a gabanmu. Ibo ne, ƙaƙƙarfa, ɗan kasuwa, 'yarsa tana ajin Malama. Daga baya na ji cewa shagonsa na cikin waɗanda aka ƙone. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Me kun zo yi a nan? Bai isa ba?"

Baba Tanko ya ce, "Sauka muka zo yi. Dabbobinmu suna jin ƙishirwa."

Mutumin ya tare ƙofa yana huci. A daidai nan Sai-Gobe ya saki numfashi. Saboda ruɗewa da safe na manta ban ƙara jan majayi ba. Mangala ta zame a hankali, a gaban kowa, ta koma ƙarƙashin ciki, kanwa ta zubo a kan takalmin Malam Kyari. Ɗan kasuwan ya dubi abin, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya ɗaura wannan kaya?"

Tsofaffi huɗu suka nuna ni a tare.

"Kai ne malamin da kana koya ma yara?" Ya girgiza kai, ya tsuguna, ya sa kafaɗa ya ɗago mangalar, ya jira jakin ya huce, ya ja. Mutumin da ya yi shekaru yana lodin kaya ba ya iya ganin mugun ɗauri ya ƙyale, ko na maƙiyinsa ne. Da ya miƙe ya yi wa wani magana da harshensu, aka kawo bokiti biyu na ruwa. Malama Rahila ta buɗe ƙofa.

A filin makarantar muka kwance kaya. Yara suka fito suka yanyame Baba Tanko har ba a ganin sa sai rawani. Malama ta ce tunda an zo, a yi darasi. Babu taswira, babu sandar nuni, na tsuguna na zana hanyar Gwanja a jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsinke. Iyaye suka jeru a jikin shinge. Na ɗauko Turanci saboda su, ta ce, "Malam Sule." Na mayar da shi aljihu. Na fi sa'a guda ina magana, har wani tsoho Bayarabe ya gyara mini sunan wani gari, na kuwa ji daɗin gyaran kamar an ba ni riga.

Da muka ɗaura za mu koma, Malama ta juya wurin iyaye ta ce a garinsu ba a barin baƙo ya tafi babu rakiya, yara za su raka mu bakin titi kawai su dawo. Aka yarda, iyaye da yawa suka biyo don su sa ido. Ɗan kasuwan ya karɓi igiyar Sai-Gobe daga hannun Malam Kyari, wai kada a sake ɓata masa ɗauri. A bakin titi ya kamata rakiya ta ƙare. Amma jakin da ya ƙi tafiya ɗazu, yanzu ya tuna da dusarsa, ya sa kai ya ja mutumin nan har tsallake. 'Yarsa ta bi shi a guje, ajin ya bi ta, Malama ta biyo da laima tana ihu, "Biyu-biyu! Na ce biyu-biyu!" Iyaye suka ɗan tsaya, sannan suka hayo. Mutanen Fagge suka buɗe hanya. Telan nan ne ya fara magana, ya ce, "Sannunku da zuwa," da ƙarfi, kamar mai faɗa. Ya ɗauko bencinsa a ka ya biyo mu zango, don iyayen su samu wurin zama.

Malam Kyari ya zauna a bakin rijiya ya cire takalmi, ƙafafunsa duk sun yi bororo. Fili ya cika, yara suna zagaya tsamiya da jakuna. Na matso na tsuguna.

"Malam Sule," ya ce, "ni cewa aka yi in zo in ga ko akwai masu zuwa wurin nan. Ba a ce in je in ɗauko su ba."

"Ranka ya daɗe, me za ka rubuta?"

"Abin da na gani. Abin da na ja kuma ya tsaya tsakaninmu."

Masu motocin gyaɗa suka samu wani filin. Talatar da ta biyo aji biyu Malama ta kawo. Baba Tanko ya ƙara shekara shida a ɗakinsa na jikin zaure, a ciki ya cika, kuma cikin waɗanda suka tsaya a waje har aka ɗauko shi akwai ɗan kasuwan nan, hularsa a hannu.

Amma a wannan ranar, bayan la'asar, da kowa ya watse, na sami Baba yana jiƙa ƙafafunsa a ƙwarya. Na ba shi haƙuri a kan shisshigin da na yi. Sannan na ce ina so in sa al'adar nan a cikin lacca, don duk shekara ukun da na yi a hannunsa ban taɓa jin cewa ba a kwance kaya bayan Fatiha ba.

"Kada ka sa," ya ce. "Ni ma yau na fara jin ta."

Ya ƙara ruwa a ƙwaryar, ya ci gaba.

"Wata huɗu ina neman hanyar da zan kai jakunan nan ƙofar yarinyar nan, ban samu ba. Sai Allah Ya kawo ka da rawar kanka."

"To su sauran, Baba? Su da suka ce haka ne, tun kakanni?"

Ya ciro ƙafarsa daga ƙwaryar.

"Su suna da gidajen komawa, Sule. Sun san ni ba ni da shi."